Garwashin Adda Saudatu

Adda Saudatu ba ta taɓa sayen itace ba. Da bakinta take faɗa, tana dukan ƙirji, kuma a unguwarmu nan Kankia babu wanda zai ƙaryata ta. Sana'arta wankan jego. Idan mace ta haihu, Adda ce ke zuwa safe da yamma ta ɗora babbar tukunya, ta tafasa ruwa da ganyen bedi, wato darbejiya, ta yi wa mai jego wanka, ta gasa wa jariri cibiya, haka nan har a yi arba'in. Abin da ya sawwaƙa ake ba ta: atamfa, sabulu, kwanon dawa, ɗan na goro ranar suna. Amma akwai abu guda da ba ya cikin kyauta, domin haƙƙinta ne. In an sauke tukunya, garwashin da ya rage a murhu na mai wanka ne. Haka muka taso muka tarar a unguwar. Sai ta kwashe shi cikin kaskonta, ta lulluɓe da toka, ta kife wani tsohon faranti a kai, ta nufi ɗakinta. Na safe ta dama koko da shi. Na yamma shi ke ɗumama mata ɗaki har gari ya waye.

Sunana Kamila. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na dawo gidan yayana Abdullatif ina jiran aikin da har yau bai zo ba. Adda ce ta yi wa mahaifiyarmu wankan jegonsa da nawa. Shi take kira Maigidana, kamar yadda kakanni ke kiran jikokinsu maza. Ni kuwa Sarkin Kuka, wai don na hana unguwa barci ina jaririya.

A Bauranya aka haife ta, can ƙasar Kusada. Aure ya kawo ta Kankia, gidan wani Malam Sada mai gyaran keke. Ta haihu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma babu wanda ya kai yaye. Uwar mijinta ce mai wankan jego a lokacin, ita kuma tana bin ta a baya tana ɗauke mata kasko. Da tsohuwar ta rasu, Adda ta gaji kaskon, ta gaji gidajen. Da Malam Sada ya rasu aka raba gida, ita ta tashi da ɗaki guda a can ƙurya, mai ƙofar langalanga da wata 'yar taga kamar tafin hannu. 'Yan'uwanta na Bauranya sun yi ta cewa ta koma gida. Ta ce, "In koma in wanke wa? Can kowace mace da uwarta a kusa. Nan ne ake nemana."

Ba zan ce Adda waliyyiya ce ba. Bakinta ya fi ruwan tukunyarta zafi. Ta san mijin da ya yanka ƙaramin rago, ta san wanda ya ci bashin kanwa, kuma kafin la'asar kowa ya sani. Mata na tsoron hannunta, don ba ta san a sassauta ba. In ta shiga gidan haihuwa, tulin itace take fara dubawa kafin ta dubi jariri, domin a wurinmu tun ciki bai tsufa ba miji ke fara tara itacen jego. Ta ɗauki faskare ɗaya ta auna nauyinsa a hannu. In marke ne, ta yi wa maigida addu'a. In ta tarar da kara da ƙirare, sai ta ce, "Wannan ai ba haihuwa ya shirya wa ba, gasa masara zai yi." Na daɗe ina ɗauka don mai jego kaɗai take wannan faɗa. Ashe har da kanta: kara ba ya barin garwashi.

Shekarun nan abubuwa suka canza mata tana ji tana gani. Masu saran itace suka daina nisa cikin daji don tsoron abin da kowa ya sani. Wanda ake shigowa da shi a amalanke ya yi tsada, ƙullin kuma yana ta ramewa. Ƙullin da a da sai ka rungume shi, yanzu a hannu ɗaya za ka riƙe kamar rake. Masu hali suka koma dafa ruwan jego da gas. Wasu suka rage wankan, a yi mako ɗaya ko biyu a tsaya, suna cewa a asibiti ma an ce yawan ruwan zafin ba shi da kyau. Adda ba ta yi gardama da asibiti ba. Gas ɗin ne ya tsaya mata a rai.

Ta ce da ni, "Wannan wace irin wuta ce, Sarkin Kuka? A murɗa ta kama, a murɗa ta mutu. Ko toka ba ta bari. Wutar marowata ce."

Bana da sanyi ya fara shigowa, gida ɗaya tak ya rage mata da ake hura itace. Namu.

Zuhura matar Yaya ta haifi namiji a farkon ɗari. Jegonta na fari a gidansu ta yi, a Tafashiya, amma mahaifiyarta ta rasu bara, don haka wannan karon a ɗakinta ta zauna aka kira Adda. Yaya malamin firamare ne. Ba zan zalunce shi ba: tun kaka yake tara itacen nan, ƙulli-ƙulli, duk sanda aka yi albashi. Sai dai tukunyar jego ba ta da tausayi. Kullum da safe in zai fita makaranta sai ya tsaya gaban tulin ya dube shi, ya yi tsaki. Ga ɗakin Zuhura yana bukatar ɗumi saboda jariri, gawayi kuwa shi ma ya hau. A majalisarsu ta ƙofar masallaci wani ya ba shi dabara. Ya ce da an sauke tukunya ya watsa wa garwashin ruwa, ya shanya, ga gawayi kyauta. Na ɗumama ɗaki ya samu, na guga ya samu.

Bayan suna da kwana kaɗan, wata ranar da yamma, Adda tana bayan ɗaki tana yi wa Zuhura wanka, ni ina tsakar gida ina wanke-wanke. Yaya ya shigo da buta a hannu. Na ɗauka alwala zai yi. Ya wuce wurin murhu ya tsiyaye ruwan kaf a kan garwashin. Ya yi cuu, farin tururi ya tashi. Ya sa tsinke yana jujjuyawa yana ƙara ruwa, har jan ya mutu gaba ɗaya.

Adda ta fito da kaskonta a hannu. Ta tsaya. Ta dubi murhu, ta dube shi.

"Maigidana, mi nike gani haka? Ka kashe mani wuta?"

Ya ce, "Amarya, bana gidan miji ya yi tsanani. Sai haƙuri."

"Wane irin miji ne wannan? Ba zane, ba goro, ba kuɗin kitso. Ɗan garwashin da nike gani in ce ina da aure, shi ma ka hana? To ba ni takardata in tahi gidanmu."

"Takardar ma ta yi tsada, Adda. Ki zauna haka nan, ba saki ba cefane."

Ya tuntsire da dariya. Zuhura ma na jiyo ta daga ɗaki tana dariya. Adda ita ma ta buɗe baki ta yi, har jan goronta ya bayyana. Sannan ta ɗauki farantin ta kife a kan kaskon da babu komai a ciki, ta tallafe shi da hannu biyu a hankali kamar kullum, kamar mai tsoron ƙuna, ta fita. Don kada 'yan layi su gane.

Abin da ke cin raina ke nan har yau. Tsakaninta da Yaya wasa ne tun yana cikin zanen goyo. Ba ta da wata hanyar yi masa magana sai ta wasan nan. Ba za ta tsaya gaban yaron da ta gasa wa cibiya ta ce masa, don Allah ka taimake ni, sanyi nake kwana da shi ba. Ta faɗa masa gaskiya tsirararta, amma da muryar da ya saba ji ana tsokanarsa da ita, shi kuma ya zaɓi ya ji wasan ya bar maganar.

Da ta fita na ce, "Yaya, garwashin nan fa nata ne."

"Nata? Ita ta sayi itacen?"

"Haka ake yi tun kafin a haife mu."

"Kafin a haife mu nawa ake sayar da itace? Ɗana ne zai kwana cikin sanyi don ana yi tun da? Ba ki ga ita kanta dariya take yi ba? Ai tana da wasu gidajen."

"Ba ta da su. Duk sun koma gas."

Ya ajiye butar ya dube ni. "Kamila, ranar da kika fara ɗaukar albashi, ki sayi itace mota guda ki raba wa Kankia. Yanzu dai ki ƙarasa wanke-wankenki."

Ya san inda zai taɓa ni, ya kuwa taɓa. Na ci gaba da wanke-wankena.

Washegari na zari faskare biyu na tura mata cikin kasko. Ta fiddo su ta ajiye a inda na ɗauko.

"Itacen jego ba ya fita gida, Sarkin Kuka. Na mai jego ne. In na ɗauka na zama ɓarauniya, da tsufana."

"Ni na ba ki."

"Naki ne? Mayar."

Na yi wa Zuhura magana, ta yi wa Yaya. Ya ce a bari a yi arba'in, abin da ya rage na itace zai sa a kai mata duka, har ya ƙara mata. Arba'in. Kamar sanyin zai zauna ya jira shi.

Adda ba ta fasa zuwa ba, ba ta kuma fasa kawo kaskon ba. Kullum da yamma Yaya na nan da butarsa, kullum sai ta jefa masa magana.

"Maigidana, yau ma kwanan sanyi za ka bar amarya?"

"Ki ƙara bargo."

"Wanda ka saya mani da Sallah?"

"Shi fa. Mai zanen damisa."

A yi dariya. Ba ta da bargo. Zannuwan atamfa ne take haɗawa biyu ko uku.

Sai tari ya kama ta. Da farko ɗan gyaran murya, daga baya ya zama wanda ke sa ta ajiye ƙwarya ta dafa bango. Zanenta kuma ya riƙa wani irin wari mai hawa kai, irin na ƙonannar roba. Na tambaye ta. Ta ce maƙwabtanta ne ke ƙona bola a bayan tagarta, marasa mutunci, ta haɗa da sunayensu da na iyayensu. Daga baya ne mutane suka riƙa cewa ai sun sha ganin ta bakin kasuwa tana tsintar ledojin ruwa da tsinkakkun silifa tana cusawa a buhu. Kowa ya ɗauka sayarwa za ta yi wa masu sayen tarkace. Babu wanda ya tambaye ta. A garin da in ka sayi sabon takalmi sai an tambaye ka nawa.

Adda kan iso gidanmu da an sallame sallar asuba. Wata safiya har rana ta fito ba ta zo ba. Zuhura ta ce in je in dubo ta. Na tarar da ƙofar a kulle ta ciki. An cusa tsummoki a ƙasan ƙofar, an toshe 'yar tagar da buhu. Na buga, na kira. Na kira ta da Adda, na kira ta da Saudatu, abin da ban taɓa yi ba, ko za ta taso ta zage ni. Shiru. Na fita layi da gudu ina ihu. Malam Kabo, maƙwabcinta, ya zo ya sa kafaɗa ya ɓalle langalangar.

Warin ne ya fara dukan mu. Bangon ɗakin ya yi baƙi daga tsakiya zuwa sama. Kaskon yana gefen tabarma, cikinsa leda ce ta narke ta daskare, da rabin silifa da bai gama ci ba. Adda tana kwance dab da shi, ta naɗe kamar jariri, hannunta ɗaya a miƙe wajen kaskon. Hancinta da gefen bakinta duk baƙi. Tana numfashi, amma da wata ƙara kamar ana jan tsumma a ƙasa.

Har yanzu in na ji warin ƙonannar leda a hanya, sai in juya in bi wani layin.

Aka samu motar wani ɗan layin aka kai ta asibiti. Likita ya ce ba hayaƙin rana ɗaya ba ne, ya daɗe yana cin ƙirjinta, ga sanyi ya shiga, ga shekaru. Ya tambaye ni, "Ba ta da kowa ne?" Rabin yaran unguwarmu ta hannunta suka bi.

Ta farfaɗo wajen la'asar. Yaya ya zo daga makaranta, ko alli bai wanke daga hannunsa ba. Ya durƙusa gefen gadon. Ta juyo da ido ta gan shi, ta daɗe tana tara numfashi.

"Maigidana. Biko ka zo?"

Ya sunkuyar da kai kan ƙarfen gadon, kafaɗunsa na rawa.

"Ba ni komawa," in ji ta. "Sai da bargo." Ta juyo wajena. "Wa ya ɗora ruwan Zuhura?"

"Ni."

"Ki bar shi ya tafasa sosai. Kada ki ji tausayinta."

Ba ta ƙara cewa komai ba. Washegari bayan azahar Allah ya karɓi abinsa.

Ɗan ƙanenta Sabi'u ya zo daga Bauranya, ya ce a rufe ta nan Kankia inda ta yi rayuwarta. Nan fa na ga abin da ba zan manta ba. Itace ya fito. Daga ina, ban sani ba. Gidajen da ake cewa babu, babu, sai ga faskare ana shigowa da shi. Mata suka hura wuta a ƙofar ɗakin Adda don dafa ruwan wankan gawa, wuta ta gaske, mai harshe, irin wadda ɗakin nan bai gani ba duk bana. Sannan aka ce ana neman itacen da za a jera a kabari. Yaya ya tafi gida da sauri. Ina tsaye a zaure ya wuce ni, ya je tulin itacen jego, ya zaɓo dogayen marke, waɗanda ba a faskara ba, waɗanda yake ta tattali yana cewa sai ƙarshen arba'in. Ya saɓa su a kafaɗa da kansa.

Na tare ƙofar. Na ce, "Yaya, ashe itacen jego yana fita gida?"

"Kamila, matsa."

"Guda ɗaya daga cikin waɗannan, garwashinsa zai kwana da ita har safe. Yanzu za ka kai mata ta yi me da shi?"

"Ki ji tsoron Allah. Kwananta ne ya ƙare."

"Na san kwananta ne ya ƙare. Butar fa, wa ya riƙe ta?"

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na ɗauka zai mare ni. Bai yi ba. Ya tsaya da itacen a kafaɗa har na gaji na matsa, ya wuce. An ce itacen da aka tara a maƙabarta ya yi yawa, har an bar saura don wani mamacin.

A wurin zaman makoki mata suka yi ta yabon ta. Wannan ta ce Adda ce ta wanke ta haihuwa shida. Waccan ta ce ba a ƙara yin mai hannu irin nata. Kowa na cewa ajali, ajali. Ni ma na yi imani da ajali, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma ina zaune ina kallon inda aka dafa ruwan wankanta. Garwashi ne jajir, tuli guda, taku biyu daga ƙofarta. Zai cika kaskonta sau uku. Ya yi ta ci shi kaɗai har magariba.

Fushina ba a kan Yaya kaɗai yake ba, ko da yake shi nake gani kullum. Albashinsa bai ƙaru ba. Itace ya sake hawa a makon nan. Jaririn yana bukatar ɗumi, wannan gaskiya ne, kuma ba shi ya hana mutane shiga daji ba. Ina jin haushin mai dabarar majalisa, wanda har yau ban san ko wane ne ba, kuma na tabbata yana can yana ba wani shawarar. Ina jin haushin waɗanda suka gan ta da buhun leda suka wuce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dariyar nan. Kullum da yamma tsohuwa tana faɗa mana cewa sanyi na kashe ta, gida guda yana dariya don ta iya faɗa.

Sabi'u ya tattara 'yan kayanta zai koma Bauranya. Ya ɗaga kaskon ya ce wannan kam sai bola, ledar ta manne ba ta fita. Na ce ya ba ni. Yana nan bayan ɗakina, na kankare abin da zai kankaru.

Jegon Zuhura bai ƙare ba. Ni ke ɗora ruwan yanzu, wata dattijuwa daga dangin Zuhura ke yin wankan. Itacen da ya rage ba zai kai arba'in ba, kowa ya sani, babu mai faɗa. Ni da Yaya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya daina zuwa da buta. Buhun gawayin da ya tara yana jingine a lungu, ya hana a taɓa, ya koma sayen na ɗakin jariri a bakin titi. In an sauke tukunya da yamma, garwashin yana nan a murhu. Shi ba ya kashewa, ni ba na kwashewa, babu kuma mai zuwa da kasko. Da safe in share tokar in zubar.